Sabuwar Na'ura Da Muzakarar 'Yan Jami'a

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata magana ce da ta cika gari, ta kuwa fi shafar wanda ya ke da ɗa ko ɗiya a jami'a. Watau maganar na'urar nan ta cikin wayar hannu da kwamfuta, wadda 'yan jarida suka sa wa suna ƙirƙirarriyar basira. In ka yi mata tambaya sai ta amsa nan take, in ka ce ta tsara maka rubutu sai ta tsara, da Turanci ko Larabci ko Hausa. Waɗansu sun ce ai ƙarshen karatu ya zo, waɗansu kuma sun ce an huta da neman malami. Ni kuwa na ga ya kamata mu duba al'amarin da natsuwa, gama mu ke biyan kuɗin makarantar, yaran kuwa su ne gobe za su zama likitocin da za su duba mu, da alƙalan da za su yi mana shari'a, da akawunan da za su riƙe mana lissafin dukiya. In sun fito da takardar shaida a hannu, kai kuwa babu kome, mu za a fara cuta.

Bari in fara da asalin abin. A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2022 wani kamfani na Amurka mai suna OpenAI ya fito da wadda a ke kira ChatGPT, aka ƙiyasta cikin wata biyu masu aiki da ita sun kai mutum miliyan 100. Daga nan waɗansu kamfanoni suka fito da nasu, har suka yi yawa. Yadda a ke yin ta kuwa, a kan tara rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, na littattafai da jaridu da na intanet, a yi ta bi da na'urar a kansu har ta ƙware wajen gane kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata kalma. To, da wannan ƙwarewa ta ke jera magana. Saboda haka maganarta ta kan fito sumul, mai daɗin ji, sau da yawa kuma daidai. Amma alarammomi sun san abin da kan sami mai tilawa a wurin ayoyi masu kama da juna: harshe ya saba, sai ya zarce daga wannan sura ya faɗa cikin waccan, yana ta tafiya da murya mai daɗi bai san ya sauka daga hanya ba. Haka wannan na'ura ta ke yi, ita ma ba ta sanin ta zarce, sai in an sami mai saurare da ya tare ta.

Na ga wannan da idona. Wani yaro da ya yi allo a wurina, yanzu yana karatu a wata jami'a, ya zo gaishe ni lokacin hutu. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, bari in nuna maka wani abin mamaki." Ya fito da waya ya buɗe ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori, ya ce in yi mata tambaya. Na ce ya tambaye ta hukuncin ƙabli da ba'adi. Ta kawo bayani mai tsawo, farkonsa daidai da abin da mu ke karantarwa, watau ƙabli domin ragi, ba'adi domin ƙari. Tana cikin tafiya sai ta gauraya shi da ra'ayin wata mazhaba, ba ta kuwa ce ga inda ta sauya ba. Na ce ya tambaye ta inda ta samo. Ta ambaci Risala, ta kawo babi, har da wata jimla ta Larabci wai daga ciki. Na sa aka sauko mini da littafin, muka duba babin daga farko har ƙarshe, babu wannan jimla. Da yaron ya gaya mata sai ta ba da haƙuri da ladabi, ta kawo wata, ita ma babu. Na ce masa, "Ɗana, da ba ka zo nan ba fa?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce da ya ɗauka ya rubuta.

Kada wani ya ce ai don tambayar addini ce. A shekarar 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci waɗansu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000, domin sun kawo wa kotu hujja da shari'o'i shida waɗanda ba a taɓa yin su ba a duniya. Na'ura ce ta ƙaga su, da sunayen masu ƙara da lambobi da kome, su kuwa ba su bi sun duba ba. Waɗannan fa mutane ne da suka gama karatun shari'a suka daɗe suna aiki. Yaya ke nan ga yaro ɗan shekara 19 da aka ba aikin gida, ga dare ya yi, gobe kuma za a karɓa?

Akwai wata ɓarna kuma wadda ta fi kuskuren amsa, ita ce mutuwar zuciyar mai tambaya. A shekarar 2025 waɗansu masu bincike na makarantar fasaha ta MIT a Amurka suka tara mutum 54, suka kasa su uku, suka sa su rubutu. Kashi ɗaya da taimakon irin wannan na'ura, kashi ɗaya da neman bayani a intanet, kashi ɗaya kuwa da ka kawai, ana auna aikin ƙwaƙwalwarsu da waɗansu wayoyi da aka ɗora musu a ka. Aka tarar ƙwaƙwalwar masu dogara ga na'ura ta fi ƙarancin aiki, da yawansu kuma da aka ce su maimaita jimla ɗaya daga abin da suka gama rubutawa yanzu-yanzu, sai suka kasa. Mutum 54 ba su da yawa, ba a kuwa yanke hukunci a kan duniya da su. Amma abin da aka gani bai saɓa wa abin da kowane malamin allo ya sani ba, cewa yaron da aka rubuta wa allo kullum ba ya iya rubutu. Kayan aro ba ya rufe katara.

To, sai a hana? An gwada. Hukumar makarantun birnin New York ta toshe ta a watan Janairu na 2023, ba a kai ƙarshen watan Mayu ba ta janye hanin. Abin da ke cikin aljihun kowane yaro, ba mai gadin da zai tsare shi. Mu ma mun ga irin wannan a kan abubuwan da suka gabata. Da can kowane littafi da hannu a ke kwafarsa, da bugun Misira ya zo kasuwa akwai waɗanda suka yi ƙyamarsa, yau kuwa ba zauren da babu shi. Haka aka yi da tafsiri a rediyo, haka aka yi da kaset. Yanzu malamai da yawa suna da dubban littattafai cikin kwamfuta ɗaya, suna nemo mas'ala cikin ƙiftawar ido. Wanda ya yi karatu gaban malami, wannan ya ƙara masa ƙarfi. Wanda bai yi ba, ya kan tsinci rabin magana ya hau mumbari da ita. Alhazan kasuwa ma sun san haka game da kalkuleta. Yaron shagon da ya iya lissafi da ka, in yatsansa ya danna sifiri na ƙari, nan take zai ce a'a, yadi goma ba ya kai wannan kuɗi. Wanda bai iya ba kuwa, abin da gilashi ya nuna shi zai faɗa, ko da zai karya uban gidansa.

Saboda haka tambayar da ke gaban jami'o'i ita ce, ta wace hanya za a sa ɗalibi ya zama mai gane kuskure in ya gan shi? A nan ne na ga wani abu a wurin Turawa da ya kamata mu sani.

Akwai wani malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, sunansa Erik Mazur, yana koyar da ilmin motsin abubuwa da nauyinsu da ƙarfinsu, wanda su ke kira fiziks. Ɗalibansa suna cin jarrabawa, suna kuma yabon karantarwarsa. A wajen 1990 sai ya gwada su da waɗansu tambayoyi marasa lissafi, waɗanda fahimta kaɗai su ke bukata, irin a ce babbar mota ta yi karo da ƙarama, wace ce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi? Sai ya tarar da yawansu sun haddace ƙa'idojin lissafi, amma ma'anar ba ta shiga ba. Daga 1991 ya sake hanya. Ya ce kowa ya karanto darasi daga gida. In an shigo aji sai ya jefa tambaya ɗaya mai amsoshi uku ko huɗu, kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya zaɓi amsa ta wata 'yar na'ura da ke hannunsa, malamin ya ga a gabansa mutum nawa suka zaɓi kowace. In ya ga aji ya rabu, ba ya faɗin daidai. Sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta saɓa, ya yi ƙoƙarin rinjayarsa da hujja. Aji ya kaure da gardama na 'yan mintoci, sa'an nan a sake zaɓe. Galibi sai a ga masu daidai sun ƙaru ƙwarai. Dalilin da ya bayar shi ne, ɗalibin da ya gane abu yanzun nan bai manta inda wuyar ta ke ba, malamin da ya shekara ashirin da ganewa kuwa ya manta.

Mai hankali zai ce, ai watakila masu rauni ne kawai su ke bin bakin mai ƙoƙari. An bincika wannan a Jami'ar Kolorado, aka buga sakamakon a 2009. Bayan gardamar sai su ba ɗalibai wata tambaya dabam mai kama da ta farko, kowa ya amsa shi kaɗai. Aka tarar fahimta ta ƙaru, har a cikin ƙungiyoyin da tun farko babu ko mutum ɗaya da ya san amsar. Ashe gardamar kanta ita ke buɗe kai. Tun kafin wannan ma, makarantar likitoci ta Jami'ar McMaster a Kanada ta fara wani tsari a 1969, inda a ke kasa ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, a ba su labarin majinyaci da alamun ciwonsa, su yi ta bincike da shawara har su gano cutar, malami yana gefe yana tare su in sun kauce. Makarantun likitoci da yawa a duniya sun ɗauki wannan hanya.

Ku duba fa, ya ku malamai, aikin na'ura cikin tsarin Mazur ɗan kaɗan ne: ƙidaya amsoshi, da ɓoye wa ɗalibi kunyar a ga ya yi kuskure. Sauran aikin duk na baki da kunne ne tsakanin ɗalibi da ɗan'uwansa. Wannan kuwa sunansa muzakara, mun gaje shi tun kafin a haifi kakan Mazur. Shehu Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allimi da mu ke karantawa a zaure, ya fifita muzakara da munazara a kan maimaici kawai, da sharaɗin a yi su domin neman gaskiya, ban da fushi da son kunyata abokin magana. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a shekarar 808 ta Hijira, ya yi kukan ɗaliban Magrib na zamaninsa, masu shekara da shekaru a majalisin ilmi bakinsu a rufe, himmarsu duk ga hadda. Ya ambata cewa wa'adin zaman ɗalibi a makarantunsu shekara 16 ne, a Tunis kuwa shekara 5, ya danganta bambancin ga kyawun hanyar koyarwa, ya kuma nuna cewa sakin harshe da tattauna mas'aloli shi ne hanya mafi sauƙi ta samun gwaninta. Imamu Abu Hanifa ya kan jefa mas'ala gaban almajiransa, irin su Abu Yusufa da Muhammadu ɗan Hasan da Zufar, a yi ta kai-kawo kafin a rubuta. Mudawwana ma, uwar littattafan mazhabarmu, tambaya da amsa ce. Asadu ɗan Furat ya tafi Misira ya yi wa Ibnul Ƙasim tambayoyi, sa'an nan Sahnunu ya ɗauki abin da aka rubuta ya koma wurin Ibnul Ƙasim aka sake bi aka gyara. Ko a tsangaya, in gardi ya rubuto allonsa da ka ya zo darasu, jama'a ke kasa kunne, wasali ɗaya ya kauce a tsai da shi.

Amma laifi tudu ne. Kafin mu hango na 'yan boko, sai mu duba wanda mu ke take. A zaurukanmu da yawa yau, malami na fassara, ɗalibi na cewa na'am, a shafa fatiha a tashi. Yaron da ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, mene ne dalili?" sai a yi masa kallon marar ladabi. Ni kaina na sha katse yaro domin gajiya ko domin tambayarsa ta fi ƙarfin abin da na shirya, Allah Ya yafe mini. Yaron da aka saba masa da karɓa ba tambaya tun yana kolo, in ya girma ya sami na'ura mai magana da tabbaci kamar babban shehi, ita ma na'am zai ce mata.

Jami'o'inmu kuma suna da nasu ciwon. Aji ɗaya ya kan ɗauki ɗaruruwan ɗalibai, malami ɗaya yana shifta, su suna rubutawa, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Ga rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona, ga yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, ga rashin wutar lantarki da tsadar kuɗin data. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Nijeriya ta fito da sabon tsarin darussa, inda ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Wannan ƙofa ce mai kyau, amma sauya sunayen darussa a takarda ba ya sauya abin da ke faruwa cikin aji, sai malamin da ke tsaye gaban allo ya sake hali. Abin daɗin kuwa shi ne, hanyar muzakara ba ta jiran wuta. Inda babu na'urar zaɓe, ɗalibi na iya ɗaga takarda mai harafi, ko ya nuna yatsu a ƙirjinsa yadda na bayansa ba zai gani ba. Mutum 400 ma suna iya juyawa biyu-biyu su yi gardama.

Ga shawarata ga malaman jami'a, in sun yarda su ji daga bakin malamin allo. Ku sa ɗalibi ya fara rubuta amsarsa da hannunsa, waya tana aljihu. Bayan haka a tambayi na'ura a gaban kowa. Sa'an nan a kasa su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a ce su bi maganarta jimla-jimla, su nemo asalin kowace a littafi, su fito da inda ta yi daidai da inda ta zarce, a ba da maki a kan kamun da suka yi. Ta haka na'urar ta zama abokiyar gardama, mai saurin kawo magana, marar gajiya, wadda kuma ba a jin nauyin ƙaryata ta. Wanda ya kawo rubutu daga gida kuma, a zaunar da shi ko na minti biyar ne, a tambaye shi da baki. Magabatanmu ba su ba da ijaza sai ɗalibi ya zauna gabansu sun ji daga bakinsa.

Ku kuma iyaye, musamman alhazan kasuwa, kada Turanci ya tsorata ku. In ɗanka ya zo hutu, zaunar da shi bayan sallar isha'i ka ce ya bayyana maka da Hausa abu ɗaya da ya koya a wannan zango, ka yi masa tambaya irin wadda ka ke yi wa dillali in ya kawo maka kaya. In ya iya fahimtar da kai, kuɗinka bai faɗi ba. In ya tsaya yana laluben waya, ka san akwai gyara tun ba a makara ba. Wanda Allah Ya hore wa kuma, ya tuna ɗakin karatu mai fitilar hasken rana, inda yaran unguwa za su taru da dare su yi muzakara, yana cikin sadaka mai gudana.

Mu malamai kuwa namu ya fi nauyi. Mu buɗe ƙofar tambaya a zaure, mu ware ko rana ɗaya a mako da manyan ɗalibai za su kafa mas'ala su tattauna muna saurare. Mu koya wa yara tun suna ƙanana su riƙa cewa, wa ya faɗa, a wane littafi? Wannan ita ce tarbiyyar isnadi da malaman hadisi suka bar mana, ba a kuwa taɓa bukatarta kamar yau ba. Mu gaya wa jama'a a fili cewa ba a ɗaukar fatawar aure ko saki ko gado daga na'urar da ba ta san mai tambaya ba, ba za ta kuwa tsaya gaban Allah ta amsa abin da ta faɗa ba.

Akwai kuma aikin da ba zai yiwu ba sai mun haɗa hannu da 'yan jami'a. Abin da waɗannan na'urori suka ci na Hausa kaɗan ne in an gwada da Turanci, na Ajami kuwa ya fi ƙaranci. Ga rubuce-rubucen magabata jibge a Gidan Arewa na Kaduna, da Sakkwato, da Kano, da cikin gafakokin gidajenmu, gara tana ci. A 2022 masu tsaron littattafan Timbuktu suka haɗa kai da kamfanin Google aka sa shafi fiye da 40,000 a intanet, kowa na iya gani. Yaranmu na jami'a sun iya kwamfuta, amma da yawansu ba su iya karanta hannun magabata ba. Mu mun iya karantawa, ba mu iya kwamfuta ba. In aka zauna tabarma ɗaya, su za su koyi bin magana zuwa tushenta, mu kuma mu tsirar da amanar da aka bar mana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron nan da na ba ku labarinsa, da zai koma makaranta ya zo sallama. Ya ce shi da abokansa huɗu sun yi alkawarin zama kowane daren Alhamis, kowa ya zo da littafinsa, su tuhumi na'urar tare. Na sa masa albarka, na ce in sun kama ta da wani kuskuren ya rubuto mini, ni ma in ƙaru.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu tabbatar ba.